Raunin da Aka Ɗora wa Babur

Shekara tara ina shan jiƙe-jiƙe a gidan mijina a Anka. Innarsa ce ke kawowa, wani daga Gummi, wani daga hannun wata tsohuwa a ruga, kowanne ya fi na baya ɗaci. Shi kuwa gogan ko ruwan tsamiya ba a taɓa miƙa masa ba, wai namiji ne.

Da muka je wani asibiti a Abuja, likita ya gwada mu duka biyu. Ni lafiyata lau. Shi ne hanyar da irinsa ke bi ta toshe. Likita ya ce irin yana nan a ciki, za a ɗan tsaga maraina a ɗebo, a haɗa da ƙwaina a waje, sannan a dasa mini a mahaifa.

Na yi kusan mako biyu ina shan allura a fatar ciki. Nasa aikin bai kai awa guda ba, amma muna fitowa ya kama hannuna yana hawaye. "Don Allah ki rufa min asiri. A ce ke anka yi ma aiki." Na ce to. Har yau ina jin haushin wannan to ɗin.

Muka dawo gida yana tafiya yana tattale ƙafafu kamar agwagwa. Ya ce wa mutane ɗan acaɓa ne ya kayar da shi. Abokan aikinsa na sakatariya suka yi ta zuwa jaje, yana kwance yana kwatanta musu ramin da tayar ta faɗa. Har launin babur ɗin sai da ya ƙirƙiro, ko kunya babu.

Allah ya ba mu 'ya mace. Ranar suna Inna ta kira ni a gaban mata.

"Ɗiyata, da wani na, da tuni ya sallame ki. Wanga ya yi haƙuri da ke, ya kai ki anka gyara ki. Durƙusa ki gode mashi."

Yana tsaye a bakin ƙofa cikin babbar riga. Na dube shi, na jira. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. Sai ya shiga gyara hularsa.

Na durƙusa da ɗanyen jikina, na ce na gode.

Ya ce, "Ba komai. Ai kowa da tasa jarrabawar."