Hannun Daman Baba da Ƙwallayen Gilashi

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Mount Hope da ke Bronx, maigidana a sitiyari, Baba a baya lulluɓe da bargo, ni kuma riƙe da filas ɗin shayi.

Ga abin da ya fitar da mu. Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, hannunsa na dama bai dawo daidai ba. Likitar motsa gaɓoɓi ta ba shi mabul, ƙwallayen gilashin nan da yara ke wasa da su, ta ce kullum ya riƙa tsince su daga wannan kwano zuwa wancan, in ba haka ba yatsun za su sandare. Baba kuwa tsohon maƙeri ne. Kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Da gemuna? Ku ba jikokina." Kuma da yake ba zai ci abinci da hagu a gaban mutane ba, sai ya koma rufe ƙofa yana ci shi kaɗai. Ƙofar nan ta fi komai ci mini rai.

Da na ji akwai gidan tarihin mabul a wani gari a jihar Ohio, sai na ce masa za mu je ganin tsofaffin injinan ƙarfe. Ban yi ƙarya ba, ban dai ƙarasa maganar ba.

Hanyar Pennsylvania ba ta san ƙarewa ba: itatuwa, tuddai, tireloli, sai kuma itatuwa. Kuɗin hanya ba mai tare ka, kyamara ce ke ɗauke lambarka salin-alin, maigidana yana ta tsaki. A gidan mai na ga farashin burodi da kifi, na gode wa Allah da na taho da dambun nama. Baba ya ce ba ya jin yunwa. Na san dalili.

Bayan azahar muka isa. Baba na shiga ya ga mabul cike da kwalabe ta ko'ina, ya juyo ya harare ni. Dattijuwar da ke zagayawa da baƙi ta fara bayani, ina fassara masa. Ta ce da can da hannu ake yin su ɗaya bayan ɗaya, sai 'ya'yan masu hali ke samu. A garin nan aka shiga yin na yumɓu da yawa har ɗan talaka ya iya saye, daga baya aka ƙera injin na gilashi. Baba ko kallonta bai yi ba.

Sai muka zo kan injin. Wasu dogayen ƙarafa biyu ne masu murɗaɗɗen kwari, narkakken gilashi ya faɗo a kansu ja wur, su yi ta juya shi har ya mulmule ya huce. Baba ya tsaya cak, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi.

"Tambaye ta, su wa ke hura wutar?"

Ta nuna mana tsohon hoton ma'aikata, manyan maza a gaban tanderu, fuska duk gawayi. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe 'yan uwana ne suka yi abin nan," ya ce a hankali.

Da za mu fita ta miƙo masa tire cike da mabul, wai ya zaɓi ɗaya kyauta. Na ga hannun hagunsa ya motsa, sai ya mayar da shi. Baba bai taɓa karɓar kyauta da hagu ba, ba kuma a hannun baƙuwa zai fara ba. Ya ɗago na dama yana rawa. Ta farko ta suɓuce, ta biyu ma haka. Can ya damƙe wata shuɗiya. Na juya ina gyara mayafi don kada ya ga hawayena.

Can muka kwana, washegari da la'asar muna Bronx. Tafiyar nan ta nuna mini Baba ba wahala yake gudu ba, raini yake gudu. Yanzu kowace safiya ina jiyo ƙarar mabul a kwano daga ɗakinsa, kuma wallahi hankalina ya kwanta.

Jiya na zuba tuwo na nufi ɗakinsa da kwanonsa kamar kullum, sai na tarar da shi zaune a falo cikin jikokinsa, ya naɗe hannun riga na dama.

"Ina za ki kai shi?" ya ce. "Ajiye nan."