Neman Asalin "Nyam" Daga Greensboro Zuwa Bakin Teku

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na asuba, muka bar unguwarmu Glenwood ni da 'yata Zainab. A makaranta aka ce kowa ya binciko asalin kalmar Turanci guda. Ta zaɓi "yam", sunan da Amurkawa ke kiran dankali, ta karanta cewa bayi ne suka zo da ita, wai har yanzu akwai masu faɗinta irin ta da, wato "nyam", a gaɓar Carolina ta Kudu. Ni ba aikin makaranta ya tayar da ni ba. Shekara biyu ke nan in na yi mata Hausa sai ta mayar da Turanci, in mahaifiyata Inna ta kira daga Maraɗi kuwa sai ta gudu ɗaki. Abin yana ci mini rai.

High Point Road
Na sha mai na dala talatin. Alhaji Sani mai shago ya ji inda za mu, ya yi dariya: "Malam, mil ɗari uku saboda dankali? Ga shi nan a sale, an karya kuɗinsa!"

Florence
Ƙarfe tara muka karya da biredi da shayin fulas. Na ja ta da hira, ta bi ni da "yes" da "no".

Kusa da Charleston
Sha ɗaya da kwata muka tsaya rumfar wata tsohuwa baƙar fata mai sayar da dankali da dafaffiyar gyaɗa. Zainab ta karanto tambayarta. Tsohuwar ta ce littafi dai ba ta sani ba, amma kakarta in ta sauke tukunya takan ce, "Come nyam."

Inna Bafulatana ce, da "war nyaam" take kiran mu cin abinci duk ƙuruciyarmu. Ban san sanda na faɗe shi a fili ba. Tsohuwar ta kama hannuna ta riƙe, ta ƙi karɓar kuɗin gyaɗar.

Gida
Takwas na dare muka iso lafiya, alhamdu lillahi. Washegari da hantsi, lokacin rana ta yi nisa a Maraɗi, na tarar Zainab ta kankare katin wayata tana danna lamba. Na ji ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Inna, ina wuni? Ni ne Zainabu." "Ni ce" ya kamata ta ce, amma ban gyara mata ba.