Ranar da Na Danne Maganar Gari

Da ana mayar da magana baki, da na mayar da wadda na faɗa ranar taron sakin gonaki. Kalma ɗaya ce, kuma ba ta harshenmu ba.

Ɗan wana da ke ɗinki a Sakkwato ya kawo mini ita tsaraba. Ya ce Ingilishi ce, obarul. Babban alƙali ke faɗinta idan na ƙasa sun yanke hukunci, sai tasa ta hau kan tasu ta danne. Bai faɗa mini ba cewa alƙalin sai ya saurari kowa tukuna. Ni ma ban tambaya ba. A shekarar aka ba ni shugabancin kwamitin gonaki na ƙauyenmu, kusa da Urno, don na yi lakwal har aji shida kuma ina da biro a aljihu.

A gida na fara gwada ta. Uwargida ta ce miyar kuka, na ce obarul, aka yi kuɓewa. Liman ya ce a gyara katangar masallaci ran Asabar, na ce obarul, Lahadi. Ba wanda ya mutu, sai kaina ya kumbura.

A wurinmu, bayan girbi gari ke zama ya sa ranar da makiyaya za su shigo da dabbobi su ci kara. Kafin ranar, ko akuya ba ta shiga gona. Shekarar nan dawar yayata ba ta nuna ba, don jinyar mijinta ta sa ta yi shuka a makare, kuma ya rasu tsakiyar damina. Taro ya ce a jira Juma'a biyu saboda ita. Har dattijon Fulani ya ce sun yarda.

Na ga an gama magana ban sa baki ba. Na miƙe, na gyara hula, na ce, "Obarul! Jibi za a saki."

Maigari ya ce, "Mi yac ce?"

Wani ya ce, "Turanci na, ranka shi daɗe."

Kowa ya zaci doka ce daga hukuma a Madawa. Jibi ya zo, shanu suka shiga. Kafin azahar gonar yayata ta koma fili.

Ba ta kai ƙara ba. Washegari ta zo da jakai biyu, ta jingina tsani a rumbuna ta hau. Uwargida ce ta riƙe mata tsanin.

Na ce, "Yaya, ki bari mu zauna mu yi magana."

Ta leƙo daga bakin rumbu ta ce, "Obarul, auta."

Ta kwashe dammunan da za su kai ta kaka. Hatsi ya dawo wata shekara. Amma daga ranar ba ta sake ce mini auta ba, sai "ranka ya daɗe", ko a gidan suna ko a gidan mutuwa. Shekara tara tana kirana haka har ta koma ga Allah, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa in durƙusa.

Ku da kuka samu kujera, ko ta kwamitin rijiya ce, ina roƙonku: idan gari ya gama magana, ku tambayi gonar wa ke ciki kafin ku gyara hula.