Yadda Na Koma Buga Tulu Bayan Muryata Ta Tafi

A shekarun da nake son ba da labarinsu, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, a wani ɗan ƙauye da ke gefen Toranke. Daga wajen Gaya aka kawo ni aure. Mu Kirista gidajenmu kaɗan ne a wurin, kuma Hausawa ne mu gaba da baya. Rijiyarmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwarmu ɗaya, gonakinmu iyaka da iyaka. Cocin ma ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, sai mai bishara guda da ke kula da mu. Ba ni da kyan da za a waiwayo a kalla, ba ni da karatu mai zurfi, amma Allah ya ba ni murya, kuma na san ya ba ni. In na ɗaga waƙa ranar Lahadi, wanda ke gona a bayan gari yana ji. Akan zo a ɗauke ni a babur zuwa biki har Balan, a dawo da ni da yamma da ƙunshin nama a hannu. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma a lokacin.

Ranar da na fi ji da ita a shekara ita ce ranar godiyar kaka. Al'adarmu ita ce kowane gida ya kawo damin gero ko na dawa gaban coci, amma ba a tashi haka kawai a tafi da shi kamar mai kai kaya kasuwa. Sai mai ba da waƙa ta kira gidan da baiti, ta faɗi abin da Allah ya yi musu a shekarar, mata su amsa cewa Ubangiji ne ya yi, mun gode masa, sannan mutanen gidan su taso da rawa da daminsu a ka. Amshin ɗaya ne, ko yaro ya iya shi. Baitukan kuwa nan take nake shirya su: wance ta sauka lafiya, san noman wane da ya kwanta ya tashi, ɗan wane ya dawo daga ci-rani. A can baya akwai wata tsohuwa da duk muke kira Inna, tana zaune da tulun kiɗa tsakanin ƙafafunta, tana dukan bakinsa da ɗan matashin tsumma, yana ba da sauti mai kauri wanda ke riƙe waƙar. A wurinmu tulu aikin tsofaffi ne, waɗanda numfashi ya gaza musu. Ban taɓa waiwayawa na kalle ta ba in ina waƙa. Ban kuma taɓa zaunar da wata na koya mata yadda ake shirya baiti ba, don ban ga dalili ba.

Maƙoƙo ne ya fito mini a wuya. Da farko ɗan ƙarami ne, ina rufe shi da mayafi, in an tambaya in ce ƙiba ce. Na sha jiƙe-jiƙe, na shafa abin da aka ce in shafa, yana ta girma. Sai da ya kai in na kwanta numfashi na yi mini wuya, sannan maigidana ya sayar da awakinmu ya kai ni wani asibiti a Kano. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce abin ya daɗe, ya danne hanyar numfashi, dole a cire, kuma aikin yana iya taɓa murya. Na ji maganar amma ban sa ta a rai ba. A ganina wanda ya ba ni muryar don aikinsa ba zai karɓe ta ba. Da na farfaɗo na buɗe baki zan nemi ruwa, sai iska kawai ta fito. Aka ce wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba. Na sha zuma da citta da kanumfari har na gaji da ƙamshinsu. Abin da na samu shi ne raɗa, wadda sai mutum ya matso da kunnensa yake ji. 'Ya'yana da tafi nake kiransu. Kajina ma sun daina sanina, sai na kaɗa kwanon dusa suke zuwa.

Lahadin farko da na koma coci, matar ƙanin mijina ce ta ba da waƙa. Yarinya ce mai kirki, amma ta ɗauko waƙar daga sama, mata suka kasa kamo ta, suka yi ta waiwayowa suna dubana. Bayan an tashi kowa ya zo yana yi mini sannu da irin fuskar da ake zuwa gaisuwar mutuwa da ita. Na dawo gida na ninke zanen zumunta na sa a ƙasan akwati. Lahadi ta gaba na ce kaina na ciwo, ta gaba da ita na ce tari nake yi, daga nan ban ƙara neman dalili ba. Ban daina gaskata Allah ba. Fushi na yi da shi, irin fushin da mace ke yi da miji, ta dafa masa tuwo ta ajiye amma ba ta ce masa ci kanka ba. Ina addu'a kafin cin abinci don yara na gani. Yabo kuwa na rufe bakina a kansa, na ce tunda ya karɓe abin da nake yabon da shi, to ya nemi wata. Maigidana ba mai yawan magana ba ne, in ya yi jimla biyu a jere sai mu dubi juna. Sau ɗaya ya ce mini ai ba a cire mini kunne a asibiti ba, zan iya zuwa in saurara. Na juya masa baya, shi ma bai ƙara ba.

Damina ta shekarar ta zo da nata. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, gero ma rabi ya yi ido. Muna gani gonaki suka bushe a tsaye. Ban yi murna ba, don rumbuna ma abin ya shafa, amma a raina na ce to, bari mu ga abin da za su rera bana.

Akwai maƙwabciyata Musulma da muke daka tare tun ina amarya. Wata Lahadi da hantsi ta leƙo ta same ni ina tsince wake, ta tambaya ko an rufe cocin namu ne. Na girgiza kai. Ta ce ita dai da waƙata take sanin lokacin ɗora tukunya, yanzu duk na ɓata mata lissafi, mijinta na cin abinci a makare. Ta ce amshin nan namu ma ta iya shi, yakan zo mata baki in tana surfe ba ta sani ba. Sannan ta zauna ta taya ni tsintar waken, ta ce tana son ta yi tambaya kada in ji haushi: mu a addininmu wanda muryarsa ta tafi an ɗauke masa ibada ne? Don su wanda ya kasa tsayuwa a zaune yake salla, wanda ya kasa zama a kwance yake yi. Na yi kamar ban ji ba. Ta yi dariya ta ce lallai an taɓa kunnen ma.

Da godiyar kaka ta matso, sai ga Inna a gidana, tulun kiɗa a kanta, tana tafiya da ƙyar. Ta sauke shi a tsakar ɗakina, ta nuna mini yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwasa, ta ce hannunta ya gama aikinsa, zumunta ta zauna ta yanke cewa ni zan buga tulu ranar godiya. Ba shawara ta zo yi ba, saƙo ta kawo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake tsayawa a gaba, a ce in koma baya in zauna da tulu tsakanin ƙafafu tun ban yi furfura ba. Na matsa kusa da ita na raɗa mata cewa ba zan iya ba, a nemi wata. Ta kafa hannu a kunne ta ce 'yar nan, ita kurma ce, ba ta jin raɗa, in ina da magana in zo coci in faɗa. Ta tuna mini cewa ranar da aka ɗaura mini zanen zumunta na yi alkawarin biyayya ga Ubangiji da kuma aikin da za a ba ni, kuma ba ta tuna na ce sai aikin gaba kaɗai ba. Ta ɗauki sandarta ta fita. Tulun ya zauna a ɗakin, na rufe bakinsa da faifai don kada in riƙa ganinsa. Na ce wa maigidana ya mayar musu. Ya ce ba shi aka kawo wa ba.

Haka na ɗauke shi da kaina ranar godiya, da niyyar in ajiye a baya in fita. Ko zanen zumunta ban ɗaura ba. Da na shiga, abin da na gani ya tsayar da ni. Dammunan da aka jingina a bango ƙanana ne, wasu zangarniyar duk ƙaiƙayi. Wasu gidajen kwanon wake kawai suka kawo, an rufe da faifai don kada a ga bai cika ba. Mutane na zaune kowa kansa a ƙasa. Mai bishara ya yi addu'a, ya ce a fara. Matar ƙanin mijina ta miƙe, ta dubi dattijon da ake fara kira kullum, wanda dawarsa ta ƙone gaba ɗaya a shekarar, ta buɗe baki ta rasa abin da za ta ce Allah ya yi masa. Ta tsaya tana murɗa bakin mayafi. Dattijon bai tashi ba, don ba a tashi sai an kira. Coci ya yi tsit. Inna ta juyo daga inda take zaune ta dube ni.

Ba zan ce Ruhu ne na ji ya sauko mini ba, kada in yi ƙarya. Shirun ne ya ishe ni. Na zauna, na ja tulun tsakanin ƙafafuna, na ɗauki matashin na buga. Kiɗan yana jikina, shekara da shekaru ina waƙa a kansa. Na buga tsawon baiti guda ba mai cewa komai, da aka zo wurin amshi sai mata suka shigo da kansu, suka ce Ubangiji ne ya yi, mun gode masa. Na sake zagayowa. Gurbin da nake cikewa a da ya wuce babu kowa a ciki, sai tulu, amshi ya sake zuwa. A zagaye na gaba dattijon nan ya miƙe da ɗan daminsa. Bai iya waƙa ba, magana kawai ya yi a cikin gurbin, ya ce matarsa ta kwanta tun bazara, ga ta nan zaune. Mata suka amsa. Ya taka zuwa gaba yana rawa irin ta tsofaffi, matar na biye da shi.

Daga nan kowane gida ya kira kansa. Na ji abubuwan da ni mai baiti ban taɓa sani ba. Wata ta ce mijinta ya bar shan burkutu. Wani ya ce shi da ɗan'uwansa sun daina gaba a kan iyakar gona. Wata gwauruwa ta ce ita ba ta da wani labari, sai dai ba a kwana da yunwa a ɗakinta ba tukuna. Kowanne aka amsa masa da amshi ɗaya, sautin na ƙaruwa, masu caki suka shigo, aka fara guɗa. Mutanen da suka shigo da kunyar kwanon wake suka yi ta rawa da shi a ka. Ni dai ina bugu, zufa na zuba, ban ɗaga kai ba sai da na ga maigidana ya miƙe da daminmu. Na san ba zai iya magana a gaban jama'a ba. Ya tsaya har gurbin ya kusa wucewa, sannan ya ce ya kai matarsa Kano ba ta iya numfashi, ya dawo da ita da ƙafarta. Mata suka amsa da ƙarfi. Nan na gane cewa tun ranar da na farfaɗo a asibiti nake makokin murya, ban taɓa ce wa Allah na gode da numfashin ba, ko a zuci. Kunya ta kama ni, farin ciki ma ya kama ni, hawaye na zuba a kan tulu. Na motsa baki na yi amshin da raɗata. Ba wanda ya ji, amma na yi.

Muryata ba ta dawo ba har yau. Shekarar ta yi mana tsanani kamar yadda aka zata, mun ci tuwo sau ɗaya a rana har ruwa ya sake sauka. Washegarin godiya maƙwabciyata ta ce ta ji tulu ta san hannu ya canja, sabon yana da gaggawa. Inna ta rasu bayan haka, tulun yana wurina. Matar ƙanin mijina ta gwanance, ni nake zama da ita ina raɗa mata yadda ake shirya baiti. Amma ranar godiyar kaka ba a koma tsohuwar al'ada ba, kowane gida da bakinsa yake faɗin nasa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na san akwai masu zama a gida irin zaman da na yi. An karɓe musu abu ɗaya da suke ji da shi, lafiya ko aiki ko ɗa, sun rufe baki suna jiran Allah ya ba su haƙuri tukuna. Na yi wannan zaman, ban ƙaru da komai ba sai ɗacin rai, kuma watannin da na ɓata ba za su dawo ba. Ni ba murna ce ta kai ni coci ran nan ba, tulu na je mayarwa. Biyayyar ta riga, a daddafe ma, murnar ta same ni a can. In an ba ku aikin da kuke gani ya yi muku ƙanƙanta, ku karɓa. Mai baiwa ta koyar tun tana da ita. Wadda ta ga kumburi a wuyanta kuma ta je asibiti da wuri, kada ta rufe da mayafi kamar ni. Har yanzu in waƙa ta zo gurbin da nake cikewa a da, nakan ji wani abu a maƙogwaro. Sai in sassauta hannu a kan tulu, don a ji mai magana.