Filashina a Wuyan Jariri

Jama'a, yau na ga ta kaina!

Kwamfutata ta mutu da safe, hotunan bikin 'yar wani Alhaji na Tsafe duk suna ciki. Ban damu ba, ai na kwafe su a filashi, na naɗe a takarda na ɓoye ƙarƙashin katifa. Na ɗaga katifa, wayam!

Inna ta ce, "Layar nan? Na kai wa baduku ya ɗinke ta da fata. Tana wuyan jaririn ƙanwarka."

Na ɗauko reza. Ta tare ƙofar ɗaki da muciya!

"Tun da aka rataya masa zazzaɓi bai dawo ba. Taɓa ka gani!"

Ga Alhaji a zaure yana ta sallama. Jariri kuwa sai tsotsar bikin mutane yake!