Kawu Jibo ya tahi da sunayen ƙofofin dutse

Ku yi mani afuwa, 'yan'uwa na gida da na ci-rani, da na dame ku da rubutuna. Ba halina ba ne.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Kawu Jibo a ƙauyenmu, gabas da Tajaye.

Kawu, kai kaɗai ka san tsohon birnin da ke bisa dutsenmu, inda kakanni sunka yi ganuwa don tsoron mahara. Kowace shekara kafin shuka kakan hau da mu, ka kira sunan kowace ƙofa, ka nuna ma kowane gida gurbin kakanninsa, mu maida dutse guda da ya faɗo. Ina yarinya ka kama hannuna ka sa cikin wani rami a kan fa.

“Kubura, kin ji sulɓi? Nan matan gidanku sunka yi niƙa sa'ad da anka tsare ƙofa. Hannunsu ne ya cinye dutsen.”

Da masu tifa sunka fara kwasar ganuwa, ka tare hanya da sandarka, ka ce ma direba: “Ɗana, dutsen da ya ɓoye kakanka za ka kai Konni a gina masai da shi?” Ya yi dariya, amma ya juya wayam. Daga baya ka aika mashi da fura, don ka ce yaron bai karya kumallo ba.

Yanzu babu mai tare hanya. An ce kunyarka ake ji, sai bayan sadakar arba'in masu tifa za su dawo. Shekaranjiya na hau ni kaɗai. Na tuna ƙofa biyu, sauran sun ɓace mani, ramin niƙan ma na neme shi har rana ta yi zafi ban gane shi ba. Ba zan ƙaga abin da ban tabbatar ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Iyalan Kawu, Inna Mansura, da kai Hamza da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙuri.

Wanda ya riƙe ko sunan ƙofa guda, ko gurbin gidansu, don Allah ya amsa mani da wuri, kafin arba'in ta cika.

Kubura, ɗiyar ƙanwarsa