Matar da Ke Bin Layin Likita da Lafiyarta Lau

Kowace safiya Anti Mai Layi takan shiga wani ƙaramin asibitin unguwa, ta karɓi kati, ta zauna a benci tsakanin masu tari da masu zazzaɓi, alhali lafiyarta lau. Aikinta a ofishinmu na binciken lafiya shi ne karɓo amsar tambayoyin da muke aika wa likitocin iyali. Mu ta waya muke turawa, su kuwa ko kallo ba mu ishe su ba. Ita sai ta bi layi, ba ta taɓa tsallake majinyaci ba.

Bara hankalinmu ya tashi. Aka riƙa kai yara babban asibiti fitsari ya ɗauke musu, wasu ba su koma gida ba. Ana zargin maganin tari, amma wanne? Likitocin unguwa ne suka san abin da suka rubuta wa yaran, kuma sun yi gum. A lokacin 'yata tana tari, ga kwalabe biyu a kan firij, na rasa wadda zan ba ta. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Wata nas ta ba ni labarin ranar da layi ya zo kan Anti a asibitinsu. Anti ta miƙa takardar tambayoyin, likita ya ture.

"Hajiya, in na cika, gobe a ce ni na kashe 'ya'yan mutane."

"Ba suna, ba hatimi, likita."

Ta juya ta fuskanci bango, ta riƙe jakarta a buɗe ta baya, cike da takardun wasu likitocin. "Jefa ka cakuɗa da hannunka. Ni ma ba zan gane taka ba."

Ya cika, ya jefa.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kwashi mura a zaman benci. Da muka zazzage jakar, sunan magani ɗaya ke ta maimaituwa. Shi ne a jikin kwalbar da na so in fara buɗewa.

Anti, ke ce kika gane ba raini ke hana su amsawa ba, tsoro ne. Ga shi za ki ajiye aiki ƙarshen wata, kuma ban ga mai zama a bencin nan ba. Abokan aiki, mu tashi daga gaban kwamfuta mu karɓi kati. Allah ya saka miki da alheri, Anti. 'Yata ta shiga aji biyu, tana gaishe ki.